Karen Alhaji da Hantar Gafiya

Ku yaran yanzu da kuke zuwa wurina da farar riga da takardar makaranta, kuna ganin aikin malamin dabbobi bai wuce a tsira wa saniya allura a buga hatimi ba. Ɗayanku ma ya ce da ni wai wata uku ya ishe shi ya haddace aikin. To sannu, mai hadda. Ni shekara talatin da 'yan kai na yi a cikinsa, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba saniya ba ce, ba raƙumi ba ne. Kare ne, na wani Alhaji a Jibiya. Ku gyara zama.

Da aka turo ni bakin iyaka, a hannun Malam Bawa na faɗa, wani tsohon malamin dabbobi mai gajeren haƙuri. Wata biyu bai bar ni na taɓa dabba ba. Aikina tafasa sirinji. Sirinjin lokacin na ƙarfe ne da gilashi, sai ka kwance shi gaɓa-gaɓa, ka jera a tukunya a kan risho, ka tsaya a kansa har ruwan ya yi ta ɓararraka. Allura in ta dakushe ba a yar da ita, a dutse ake wasa ta. Muna da firji mai aiki da kananzir, wanda in lagwaninsa ya karkace kaɗan sai ruwan rigakafi ya lalace gaba ɗaya. Ran da na bar shi ya yi hayaƙi, Malam Bawa bai zage ni ba. Ya sa ni na ɗauki kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya na zubar a rami da hannuna, Fulani suna tsaye da shanunsu suna kallona. Da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, tun hantsi shanu ke ɓullowa daga wajen Maraɗi. Mu tare su a shinge, mu duba hanci da baki da kofato, mu yi rigakafin ciwon huhu, mu tsaga kunne da almakashi don a san an yi. A shekarun farin nan da ruwan sama ya ƙi sauka kuwa abin ba ya faɗuwa. Saniya za ta zo tana tangaɗi, ka ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, ka kama fata za ka yi allura ka rasa naman da za ka tsira. Na ga Bafillatanin da ya taso da garke guda ya iso Jibiya da sanda da ƙwarya kawai. Wannan aikin na iya shi, ba yabon kai ba. In saniya ta yi tari ina bayan shinge zan gaya maka abin da ke damunta. Kare kuwa, a makaranta shafi biyu aka karanta mana a kansa, duka biyun a kan haukan kare.

Abin mamakin zamanin shi ne, daji yana mutuwa, gari yana ta ƙiba. Kuɗin mai ya shigo. Motoci sun yi layi a bakin iyaka da siminti da atamfa da rediyo, 'yan duwan, wato kwastan, na wancan ƙetaren da namu na nan kowa ya yi kumatu. Ni ma da aka yi mana ƙarin albashi na ajiye keke na sayi babur. Cikin waɗanda abin ya fi karɓa akwai wani Alhaji mai motocin haya, ba zan kama sunansa ba. Ya gina gidan siminti mai ƙofar ƙarfe, ya je Legas ya dawo da kare irin na Turawa, baƙi da ja, tsayinsa ya kai ɗan maraƙi. Sunansa Jak. Abincinsa a gwangwani yake zuwa, katan-katan, a kulle a sito. Mutane suna ta gunaguni a kan ajiye kare a cikin gida, Alhaji ko a jikinsa.

Mai gadin gidan wani dattijo ne daga Bugaje, Baba Nomau. Da manomi ne kuma mafarauci, fari ya cinye gonar da shanun noman. Gadin nan shi ne abin da yake ciyar da baki tara a gida, har da matar ɗansa da ya rasu da 'ya'yanta. Shi aka damƙa wa karen, shi kuma bai taɓa kiransa Jak ba. Ɗan Gwangwani yake ce masa, kowa a unguwar ya sani. Amma duk tsiyar da yake yi masa, in ka leƙa da rana sai ka tarar da kan karen a cinyarsa yana cire masa kaska.

Zuwana na farko gidan, Alhaji ne ya aiko mota. Karen yana jan gindi a ƙasa, gashinsa ya dushe. Na duba kashinsa na ga waɗansu farare kamar ƙwayar shinkafa suna motsi. Tsila ce. Na ce, “Baba, wannan karen ɗanyen naman daji yake ci?”

Ya waiga ya ga Alhaji ya shiga ciki, sannan ya yi murmushi. Ya ce, “Malam, mi za a yi da karen da bai san ƙamshin daji ba? In Alhaji ya tahi Legas ina ɗan hita da shi. Zomo ukku ya kama.”

“Kai kuma ka ba shi kayan ciki.”

“Yo hakki nai ne. Mu a wajenmu in kare ya kama nama, hanta da hanji nashi ne, tun da ɗuminsu. Wanda ya hana ma kare wanga ya ci amana.”

Na yi masa bayani cewa ƙwan tsila a cikin kayan cikin zomo yake zama, kare ya haɗiya ta girma a hanjinsa. Na gaya masa ƙashin zomo yana tsaga hanji, naman daji kuma yana ɗauke da cututtukan da karen gida bai saba da su ba. Ya ce to. Irin “to” ɗin da dattijo ke ce wa yaro. Na ba da maganin tsila, karen ya warke, Alhaji ya riƙa nuna ni ga abokansa yana cewa ga likitan Jak. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Da ruwa ya dawo aka samu ɗan amfanin gona, sai ɓera ya sauka. Ɓera da gafiya, ko'ina. Su haƙe iri a gona, su huda rumbu. Sai ga maganin ɓera ya cika kasuwa, wani gari a ƙulle cikin takarda, babu suna babu bayani, ana kwaɓa shi da tsaki a zuba a bakin rami. Masu talla suna yabonsa da cewa ba ya kashe ɓera nan take, sai ya ci ya ci, ya yi kwanaki yana layi, ya je can nesa ya mutu, rumbunka ba zai yi wari ba. Kullum ina wuce su a kan babur ina jin wannan tallar. Ban taɓa kawo cewa ta shafe ni ba.

A cikin wannan lokaci ne Baba Nomau ya zo shinge da kansa, Alhaji yana Legas. Ya ce Ɗan Gwangwani ya yi sanyi, ba ya son tashi. Na bi shi. Na ɗaga leɓen karen na ga dasashinsa fari fat kamar auduga. Ma'aunin zafi bai nuna zazzaɓi ba. Nan take na yanke hukunci, tsila ce ta dawo ta shanye masa jini. Ban yi wata tambaya ba, tunda ni ne likitan Jak.

Baba yana gefe yana ba ni labari da alfahari. Ya ce, “Ai ya zama kare yanzu, Malam. Gahiya shike kamawa da rana tsaka, ba ta ko iya gudu. Shekaranjiya biyu ya kama wajen gonakin Gangara.”

Na yi dariya na ce, “A'a, lallai Ɗan Gwangwani ya girma.”

Ku ji fa. Gafiya, dabbar da ba ta fita sai duhu, tana yawo da rana tsaka ba ta iya gudu, a shekarar da kowane rami an zuba masa magani. An faɗa mini wannan da kunnena, ni kuma na yi dariya.

Na ba shi maganin tsila, na yi masa allurar ƙarin jini a cinya. Wurin allurar ya riƙa tsattsafo da jini, na danna auduga, ya ƙi tsayawa, kafin in haɗa kayana ya kumbura kamar gwaiba. Na ɗora laifin a kan allura, na ce ta dakushe. Sannan na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji kamar in tsinke harshena. Na ce, “Baba, jini ne ya yi masa kaɗan. A ba shi hanta kullum. Kullum fa, kada a tsallake rana.”

Ni a raina hantar saniya nake nufi, ta wurin mahauta. Ban tsaya na tambayi kaina ba, ina mutumin da shi kansa ya shekara bai ɗanɗana nama ba zai samo hantar saniya kullum? Alhaji gwangwani ya bar masa, bai bar masa komai na zuwa kasuwa ba. Baba kuwa ya ce, “An gama, Malam.”

Kwana shida bayan haka, da hantsi, ina tsakiyar shanu na hango Baba Nomau yana gudu. Dattijo mai shekara sittin da wani abu, ba hula. Tun kafin ya gama magana na ɗauki jaka muka nufi gidan.

Alhaji ya dawo kwana biyu kafin nan. Na tarar da shi tsaye a rumfar mota da abokansa huɗu ko biyar, cikinsu har da manyan ma'aikatan bakin iyaka. Karen yana kwance a siminti. Jini ta hanci, jini ta baki, jini ta baya. Numfashi yake ja da ƙyar kamar ana zuga zugazugi. Tun da nake ban taɓa ganin dabba ta zubar da jini haka ba tare da an sa mata wuƙa ba. Na durƙusa na buɗe jakata, na rasa abin da zan ɗauka a ciki. Ina nan durƙushe ya miƙe ƙafafu, shi ke nan.

Alhaji ya ce a buɗe shi, yana so ya san abin da ya kashe masa kare. Ni da Baba muka ja shi bayan gida. Da na tsaga ƙirjin, jini ne ya malalo, cike fal, tsararo kamar ruwan zoɓo. Jinin dabba in ya fita jiki, kafin ka wanke wuƙa ya daskare, kowane mahauci ya san haka. Wannan na murza shi a yatsuna, na jira, ya ƙi kamawa. Na buɗe tumbin na tarar da gutsattsarin hanta ƙanana-ƙanana da ɗan gashi ruwan toka.

Na rage murya na ce, “Baba, wace hanta kake ba shi?”

Ya ce, “Ta gahiya mana, Malam. Tunda bai iya hita, ni nike tahiya da sahe in tsinto mashi. Ga su nan birjik bakin gonaki, wasu ma da hannu nike kamawa. Ni ban cin gahiya, hantar kaɗai nike cirewa. Kullum ukku, wata rana huɗu.”

Innalillahi. Na ajiye wuƙar. Sai a lokacin tallar masu maganin ɓera ta dawo mini. Maganin nan jini yake tsinkawa, dabba ta yi ta zuba ta ciki har ta mutu, kuma a hanta yake taruwa. Gafiyoyin da karen ya kama da kansa su suka fara kwantar da shi. Da an tsaya a nan wataƙila da ya tashi. Ni ne na zo na sa aka riƙa tsince masa ainihin inda gubar take, ana ba shi a baki safiya bayan safiya, da sunan magani.

Na wanke hannu muka dawo rumfa. Alhaji ya ce, “Likita, mi ya kashe shi?”

Na ce, “Guba ce, Alhaji. Maganin ɓera.”

Sauran maganar tana bakina. Wallahi tana bakina. Amma na ga manyan mutanen nan sun zuba mini ido, na tuna yadda ake nuna ni ana cewa likitan Jak, sai na ja numfashi don in shirya yadda zan faɗa. Cikin wannan numfashin Alhaji ya juya kan Baba Nomau.

“Kai! Dama kowa ya san ba ka son shi. Ɗan Gwangwani kake ce mashi, an hwaɗa mani. Na ɗauke ka kana yunwa, ka saka mani da wannan?”

Baba ya durƙusa. Ya ce, “Alhaji, wallahi tallahi ban ba shi guba ba. Ban taɓa riƙa maganin ɓera da hannuna ba.”

Gaskiya ya faɗa. Shi bai ma haɗa hantar da gubar a ransa ba, a wurinsa hanta magani ce tunda malami ya ce. Ya juyo ya dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi karatu, ana jira ya warware magana. Ni kuma na sunkuya ina ɗaure jakata. Ɗaya daga cikin abokan ya ce a kira 'yan sanda, wani ya ce a bar shi albarkacin furfura. Alhaji ya ce ya kwashe tabarmarsa ya fita, kada ya sake ganin ƙafarsa a Jibiya. Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa cewa mai gadi ya sa wa karen ubangidansa guba. Ku gaya mini wa zai sake ba irin wannan mutumin gadin gida?

Kwana huɗu na yi ina aiki kamar ba ni ba. Na tsaga kunnen saniyar da ban yi wa allura ba. A rana ta huɗu Malam Bawa ya ja ni bayan shinge ya ce in faɗa masa abin da ke ci na. Na faɗa masa duka, ban rage ba. Sannan ya ce, “Tun ran da wurin allura ya ƙi tsayawa ya kamata ka zo mani. Akwai allurar da ake yi ma mutum in jini ya ƙi daskarewa, ana samunta a asibitin mutane. Da an yi ma karen da wuri da ya tashi.” Ya ce, “Kare dai ya mutu. Tsohon fa? Mi kake yi nan tsaye?”

Na hau babur na tafi gidan Alhaji, ina ta shirya yadda zan sha zagi, har na saddaƙar aikina ya tafi. Na same shi a ƙofar gida ana sauke masa sabon firji daga mota. Na gaishe shi na faɗa masa komai, cewa ni na ce a ba da hanta, dattijon nan umarnina ya bi, ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra.

Bai ma juyo sosai ba. Ya ce, “Ku bi a hankali da ƙohwar nan! Ai ya wuce, Likita. Na riga na sa a kawo mani wasu, mace da namiji.”

Na ce, “Baba Nomau fa, Alhaji?”

Ya ce, “Au, tsohon nan? In ka gan shi ka ce ya dawo mana. Dama sabon da na ɗauka barci gare shi.”

Ashe abin da ya hana ni magana kwana huɗu bai kai sauke firji muhimmanci ba a wurinsa. Da na faɗa a rumfar nan, da tsaki ɗaya zai yi a wuce wurin. Wannan ya fi zagin da na zo sha ciwo.

Ban koma shinge ba, na miƙe sai Bugaje. Na yi tambaya aka nuna mini gidan, wani ɗan gida na zana a gefen gari. Na tarar an jawo ƙaya an toshe ƙofar. Na yi sallama sau uku. Wata dattijuwa ta leƙo daga maƙwabta da taɓarya a hannu.

Na ce, “Inna, ina wuni. Baba Nomau nake nema.”

Ta ce, “Sun tashi shekaranjiya, shi da iyali nai duka. Sun hau motar kudu.”

“Wane gari?”

“Bai hwaɗi ba. Ya ce inda ba a san shi ba.” Ta ƙare mini kallo, ta dubi jakar da ke ɗaure a bayan babur. “Kai ne malamin dabbobi?”

Na ce ni ne.

Ta ce, “To ya bar maka sallahu. Ya ce in ka zo a roƙe ka gahwara, kar ka ɗauka ya yi sakaci da maganarka. Ya ce a hwaɗa maka, ko rana ɗaya bai ƙetare ba bai ba karen hantar nan ba.”

Na yi shekaru ina tambayar direbobin kudu, daga Funtuwa har Zariya har gaba. Ba wanda ya taɓa ganinsa.